Daji guda, bishiya ɗaya: labarin aspen, da dalilin da yasa ba zata yi a gonarka ba

"Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Don Allah wani bidiyo na gani a Facebook wai akwai daji a Amurka da ya fi eka ɗari amma wai duk bishiya ɗaya ce, kuma wai ganyenta kullum rawa yake ko babu iska, sunanta aspen. Ni dai na ɗauka irin ƙaryar masu neman mabiya ce. In gaskiya ne yaya abin yake, me ake yi da itacen, kuma tunda tana yaɗuwa da kanta me zai hana mu samo irinta mu dasa a nan? Gonata tana arewacin Katsina, rairayi sai cinye mana gefe yake."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa gona albarka. In na fahimce ka abu uku kake son sani, shin da gaske daji guda zai zama bishiya ɗaya, me mutane ke amfana da ita, sannan ko zata yi a ƙasarmu ta tare maka rairayi. To bidiyon nan bai yi ƙarya ba, sai dai kasan masu bidiyo, dole su ɗan ƙara gishiri. Amsar ta uku kuwa tun yanzu in faɗa maka kar ka ɓata kuɗinka, ba zata yi ba, amma ka daure ka bi ni har ƙasa domin akwai abinda zaka ɗauka a labarin nata wanda ya fi irin nata amfani gare ka.

Bari in fara faɗin matsayina. Ni malamin daji ne, yawancin aikina a nan arewa na yi shi, renon dashe da shingen itatuwa na tare iska da makamantansu. Aspen kuwa sanin baƙo na yi mata, wani kwas ne ya kai ni yammacin Amurka na yi kamar wata biyu ina bin ma'aikatan dajinsu cikin duwatsu muna ƙirga tohonta, ragowar kuma karatu ne. Shi ainihin dajin da ka gani a bidiyon ban taka shi da ƙafata ba, wasu dazuzzukan aspen ɗin na shiga.

Wace ce aspen

Masana suna kiranta Populus tremuloides, kalmar ƙarshen nan ma'anarta mai kama da tremula, wato 'yar'uwarta ta ƙasashen Turai, ita kuma tremula ma'anarta mai karkarwa. A duk nahiyar Amurka ta Arewa babu bishiyar da ta kai ta faɗin mazauni, tun daga Alaska ta ratsa Kanada gaba ɗaya har bakin tekun Atlantika, sannan ta gangaro ta duwatsun Roki har cikin Meksiko, sai dai duk inda ta yi kudu sai ka same ta can sama kan tsauni inda ake sanyi, ka riƙe wannan zamu dawo kansa. Siririya ce miƙaƙƙiya, yawanci mita 15 zuwa 25, ɓawonta fari sumul da baƙaƙen tabo kamar idanu a wuraren da tsofaffin rassa suka faɗi. Ganyen kusan zagayayye ne, bai fi tafin hannun yaro ba. In kakarsu ta yi wajen Satumba zuwa Oktoba sai ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa, tsauni guda ya ɗau haske, mutane har mota suke ɗauka da iyalansu dan kawai su je kallon ganye, abinda ya bani dariya da farko. Garin Aspen na jihar Kolorado sunanta ya ci, jihar Utah kuma ta maida ita bishiyar jiha a 2014.

Ranar farko da na dafa jikinta sai naga tafin hannuna ya yi fari fat kamar na goge allon makaranta, wata hoda ce take fitarwa. Wanda nake bi yace in kankare kaɗan da farce, ina kankarewa sai ga kore shar a ƙarƙashi. Wato ɓawon nata ma yana haɗa abinci da hasken rana kamar yanda ganye ke yi, dan haka ko lokacin da ta zubar da ganye tana ɗan samun na ɓatarwa. Dabbobi sun san da haka, in dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa sai manyan bareyin nan da ake kira elk su dinga gwaguyar ɓawon, zaka ga gindin bishiyoyi ya yi baƙi ƙirin da tabon haƙori daidai inda bakin dabbar ke kaiwa, daga nan sama kuma fari tas.

Maganar rawar ganye, da a garinmu take da tuni ance gidan mutanen ɓoye ce an hana yara zuwa gindinta da tsakar rana kamar tsamiya. To ba iskoki bane, iska ce dai, 'yar kaɗan wadda fatarka bata ma jin ta, in iska ta ɗauke ɗif ganyen ma tsayawa yake, nan ne gishirin farko na mai bidiyo. Sirrin yana cikin ɗan tsinken da ya haɗa ganye da reshe. Ka tsinko ganyen mangwaro ka murza tsinkensa tsakanin yatsu biyu zakaji yana mirginawa domin mulmulalle ne, na aspen kuwa dogo ne fale-fale kamar an matse shi da filaya, kuma matsewar a gicciye take da fuskar ganyen, shi yasa ko numfashi ya taɓa shi sai ya juya dama ya juya hagu. Dubban ganye suna yin haka lokaci guda sai kaji wani sauti kamar yayyafi ya fara sauka kan busasshen kara, daren farko da na kwana a tanti sai da na fito da gudu zan kwashe takalmana, na ɗaga kai naga taurari tar. Masu bincike suna bada dalilai, wasu sunce rawar na barin hasken rana ya ratsa ya kai ga ganyen ƙasa, wasu sunce tana sanyaya ganyen, wasu kuma sunce tana rage ƙarfin guguwa akan siririn jikin nata. Ni a ganina duk ukun suna iya zama gaskiya a tare.

Abin yana ƙarƙashin ƙasa

Yanzu ga zuciyar maganar. Aspen tana yin iri, kuma kamar dabino take akwai namiji akwai mace. Irin ƙanƙane ne ƙwarai, miliyoyi ne a kilo ɗaya, yana tashi cikin farin gashi kamar audugar rimi. Amma ba shi da guzuri, cikin 'yan makonni in bai faɗa kan tsirarar ƙasa mai laima ba ya mutu, kuma ko ya tsira in ƙasar ta bushe na ɗan lokaci shikenan. Dan haka a yammacin Amurka inda ruwa bai wadata ba, ba kasafai take dogara da iri ba, da saiwa take haihuwa.

Saiwoyinta basa nitsewa sosai, suna bin ƙarƙashin fatar ƙasa ne su yi ta tafiya, wata saiwar sai ta yi mita 30 daga gindin uwar, kuma a jikinsu akwai dubban idanu da suke kwance suna jira. Abinda ya hana su tashi wani sinadari ne da kan bishiyar ke aikowa ƙasa, oksin ake ce masa, kamar dai maigida yana raye ƙanne kowa ya kama kansa. Ranar da wuta ta cinye na sama ko aka sare su saƙon ya yanke, rana kuma ta samu ƙasa ta ɗumama ta, sai idanun nan su farka gaba ɗaya, toho dubu goma-goma a hekta guda, wani a shekarar farko ya kai mita ɗaya ko fiye domin ba daga sifili ya fara ba, tsohuwar saiwa ce ke shayar da shi. Ka san wannan a zogale, in ka datse kansa sai ya fashe da rassa, ka kuma san 'ya'yan ayaba da suke fitowa a gindin uwa. To haka, sai dai ita aspen 'ya'yan nata suna fitowa nesa da uwar har ka ɗauka wata bishiya ce dabam.

Kaga kenan abinda ido ke gani a sama kamar rassa ne, bishiyar ta ainihi tana ƙasa. Kowane tsayayyen itace bai cika wuce shekara 100 zuwa 150 ba, a wasu wuraren ma ko kusa baya kaiwa, amma saiwar tana nan tana canja su kamar yanda mutum ke canja riga. Kuma ana iya gane iyakar kowace da ido, domin duk waɗanda suka fito daga saiwa ɗaya tare suke fidda ganye tare suke canja launi, in ka tsaya nesa da kaka zakaga gefen tsauni kamar gonakin gado da aka raba, nan ya yi ɗorawa, maƙwabcinsa har yanzu kore, na can ya ɗan yi ja-ja.

Wanda ka gani a bidiyo sunansa Pando, kalmar Latin ce ma'anarta ina yaɗuwa. Yana cikin gandun dajin Fishlake a jihar Utah, can sama wajen mita 2,700 daga doron teku, har titin mota ya ratsa ta tsakiyarsa. Faɗinsa eka 106, kamar hekta 43, in kana son ka hango shi ka jera filin ƙwallo wajen 60. Itatuwan da ke tsaye an ƙiyasta kusan 47,000, nauyinsa duka kusan tan 6,000, wato buhun siminti 120,000, lodin tirela 200 kenan. Namiji ne. Masana biyu, Jerry Kemperman da Burton Barnes, su suka fara nuna shi a rubuce a 1976, sai a 2008 gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar lallai abu ɗaya ne. Shekarunsa kuwa nan ne ake jayayya, domin ba zaka sare shi ka ƙirga zoben shekara ba tunda babu itacen da ya rayu tun farko. Masu bidiyo suna son cewa 80,000 kai tsaye, wani binciken ƙwayoyin halitta da ya fito a 2024 kuwa tsakanin 16,000 da 80,000 ya bayar, kaga ratar ba kaɗan ba ce. In kuma sunce maka shine halitta mafi faɗi a duniya to nan ma da gyara, akwai wani naman gwari a jihar Oregon da wata ciyawar teku a Ostireliya da suka fi shi faɗi nesa ba kusa ba, a nauyi ne ake sa shi gaba.

Wuta abokiyarta ce, baki ne maƙiyinta

Aspen bata son inuwa ko kaɗan. Ita ce ke fara mamaye wuri bayan gobara, amma a ƙarƙashin inuwarta mai sauƙi sai itatuwan nan masu ganye kamar allura, dangin wanda ake yin bishiyar Kirsimeti da shi, su tsiro a hankali su yi ta girma, bayan shekaru masu yawa su kere ta su rufe mata rana, ta fara mutuwa. A da gobarar daji ce ke raba wannan gardamar, ta zo ta share kowa, masu allura sai sun jira iri, aspen kuwa a shekara mai zuwa ta tashi daga saiwa. Da hukuma ta shafe yawancin ƙarni na 20 tana kashe duk wutar da ta tashi a daji da niyyar alheri, sai ya zama an ɗaure wa aspen hannu a wurare da dama. Yanzu su da kansu suke cinna wuta da tsari ko su sare wani yanki dan ta farfaɗo. Abin mamaki ita kanta bata cika kama wuta ba domin ganyenta da ciyawar ƙarƙashinta suna da laima, 'yan kwana-kwana na daji sun san in wuta ta iso dajin aspen sau da yawa sai ta rage gudu.

Amma matsalar da na fi gani da idona ita ce ta bakin dabbobi. Aikin da muke yi mai sauƙi ne, a auna ɗan fili, a ƙirga duk tohon da ke ciki, a duba nawa aka cinye wa kai, sannan a ga nawa suka haura mita biyu domin wanda ya kai nan ya tsere wa bakin dabba. Akwai wani wuri da ba zan manta ba, an kewaye ɗan fili da doguwar waya shekaru kaɗan kafin zuwanmu. Cikin wayar matasan aspen sun cushe ko kutsawa baka iya yi sai da gefe, duk sun fi ni tsawo. Taku ɗaya a waje kuwa fili fetal kamar an share, tsofaffin itatuwa tsaye jefi-jefi, in ka durƙusa sai kaga tohon nan birjik amma babu wanda ya wuce gwiwa, kowanne an gutsure kansa, ya sake fitowa an sake gutsurewa har ya murɗe ya zama kamar tsintsiya. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, saiwa ma ɗaya, bambancin kawai waya. Wallahi ina tsaye a wurin tunanina ya tafi kan dashen da muke yi a gida, a yi biki a ɗau hoto a watse, kafin wata biyu akuya ta gama da shi.

Pando ma ciwonsa kenan. A 2018 Paul Rogers na jami'ar jihar Utah ya fitar da bincike, harda kwatanta hotunan sama na tsawon shekara 72, ya nuna dajin yana ta yin sarari, tsofaffi suna faɗuwa babu matasan da zasu gaje su, gari ne na dattawa zalla. Babban mai laifin wata barewa ce mai dogon kunne da ta yi yawa a wurin tunda babu namun dajin da ke rage ta sosai, sai kuma shanu. Inda aka kewaye da waya mai kyau toho ya tashi, inda wayar ke da kafa bareyi sun ci gaba da shiga.

Irin wannan labarin ne a Yellowstone, wani babban gandun namun daji a yammacin Amurka, inda aka ƙarar da kyarkeci a shekarun 1920, elk suka yi yawa suka hana aspen tashi shekara da shekaru. A 1995 aka dawo da kyarkecin, garken elk na arewacin gandun ya sauko daga wajen 19,000 zuwa ƙasa da 5,000 cikin kamar shekara ashirin, a wasu wuraren aspen ta fara haura bakin dabba. Wannan ma akwai bidiyonsa masu daɗin ji da suke jingina komai ga kyarkeci, amma mafarauta da sauran namun daji da fari duk sun taka rawa wajen rage elk ɗin, kuma ba ko'ina aspen ta dawo ba. Fari ma yana kashe ta kai tsaye, bayan farin da aka yi a farkon shekarun 2000 dazuzzuka masu yawa sun bushe a kudu maso yammacin Kolorado, musamman na ƙasa-ƙasa masu fuskantar rana, wasu har saiwar ta mutu.

Dalilin da yasa suke damuwa da ita haka, dajin aspen rana na ratsa shi dan haka ƙarƙashinsa cike yake da ciyawa da furanni, makiyaya na sonsa, tsuntsaye ma haka. Wani naman gwari yana ruɓar da cikinta, sai maƙwaƙwafa ta samu sauƙin huda rami, in ta tashi wasu tsuntsayen su gaje ɗakin. Akwai kuma biba, wata dabbar ruwa kamar ƙatuwar gafiya mai faffaɗar wutsiya, ita aspen ce tuwonta kuma ita ce kayan gininta, da haƙori take kada ta ta ja ta datse rafi.

Me ake yi da itacen

In ka ba kafintan Katsina katakonta zai raina shi, ba nauyi, ga laushi, in ya taɓa ƙasa mai laima nan da nan ya ruɓe, a murhu kuma fuu ya cinye ba garwashin kirki. Su ma can sun daɗe suna kallonta a matsayin ciyawar daji. Amma abinda ya sa aka raina ta shi ya zama kasuwarta, fari ne tas, ba wari ba ɗanɗano ba ƙaro, baya tsaga ya soki hannu, ƙusa bata fasa shi. Shi yasa ake yin tsinken ashana da ita, ashanar ƙasar Suwidin da ta yi suna ma da 'yar'uwarta ta Turai ake yi. Ana yin tsinken cin abinci irin na mutanen Sin da Japan, da akwatunan kayan marmari, da bencin ɗakin sirace na Turawa domin baya ɗaukar zafi ya ƙona mai zama. Dusarta ana shimfiɗa wa ƙananan dabbobi, har da ɓerayen ɗakin gwaji, saboda bata da man da ke damun numfashinsu. Ana kuma fere ta siri-siri kamar taliya a cusa a bayan na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, irin wadda fanka ke jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen abu, a jihohinsu masu bushewa.

Manyan masu cinye ta dai biyu ne, kamfanonin takarda da masu wani allon gini da ake kira OSB, wanda ake yanka itacen fale-fale a jera a gicciye a zuba gam a matse da zafi, ya fito kamar filawud amma ya fi araha. Tun wajen shekarun 1980 wannan allon ya bazu, yanzu gidaje da yawa a Amurka da Kanada da shi ake rufe bango da rufi, a jihohi irin Minesota da yankunan Kanada aspen ta zama abin kuɗi sosai. Kuma ga sauƙi, in an sare babu sai an sake dasawa, saiwa zata yi aikin.

Ta fannin magani, asalin mutanen ƙasar irin su Cree da Ojibwe sun daɗe suna amfani da ɓawonta mai ɗaci, akan dafa shi dan zazzaɓi da ciwon jiki, a farkon bazara kuma akan ci ɓawon ciki mai ɗan zaƙi. Akwai dalili, ɓawon yana ɗauke da salisin, ɗan gidan su sinadarin da ke cikin asfirin. Amma kar sunan ya ruɗe ka, asfirin ba daga kalmar aspen ya samo suna ba, kamanni ne kawai. Ni ba likita bane dan haka nan na tsaya. Wani abin da ya burge ni kuma, makiyayan tumaki 'yan ƙabilar Bask da suka je ci-rani daga iyakar Sifen da Faransa, kaɗaici ya sa suka dinga zana sunayensu da shekara da hotuna da wuƙa a jikin farin ɓawon a duwatsun Nebada da Kalifoniya da Idaho, zanen ya warke ya zama baƙin rubutu, yanzu masu tarihi suna ta ɗaukar hotonsu kafin itatuwan su faɗi.

To gonarka fa

Ka tuna nace duk inda ta yi kudu sai ta hau tsauni. A gabashin Amurka iyakarta ta kudu ta yi daidai da inda matsakaicin zafin watan Yuli yake wajen digiri 24, wato watan da ya fi zafi kenan a wurinsu. Kai kuwa a watan Afrilu zafinka na haura 40 da rana. Bayan haka tana buƙatar sanyin hunturu na gaske mai daskarar da ruwa ta yi barci kafin ta sake fidda ganye da kyau, sanyinmu na Disamba bai kai ko ƙofar wannan ba, kuma saiwarta a sama-sama take tana son laima, kai kuma kana da wata bakwai zuwa takwas ba ɗigon ruwa. Ban taɓa gwada dasa ta a nan ba, amma da abinda na sani ko Jos da Mambila bana sa mata rai balle arewacin Katsina. Ko da ma zata yi, bishiyar da ke aika saiwa mita 30 tana fidda toho ko'ina ba abokiyar zaman gero bace, masu gidaje a can da suka dasa ta a tsakar gida suna kuka da ita, tana ɓullowa har a filin maƙwabci. In kana son ganin irin wannan halin a gida ka dubi ɗunɗu, ka sare ɗaya goma su fito.

Amma dabarar tata, wato rai yana ƙasa na sama kawai ake cirewa, tana nan cikin gonarka yanzu haka. Sabara da kalgo da kake sassabewa duk shekara ka ƙona, suna sake fitowa ne domin kututturen da saiwar suna raye, wasu sun girme ka, sun riga sun nitse sun samu laima, abinda dashen leda zai yi shekaru bai kai ba. Maƙwabtanka na Maraɗi sun gane wannan tun farkon shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abinda ake kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa yawancinsu ba. Daga inda kake ba nisa, in ka samu hali ka tsallaka ka gani da idonka.

Bana in ka zo sassabe ka fara ta gefen da rairayin ke shigowa. Duk kututturen da ya fidda toho kar ka share shi duka, ka zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa ka bari, ka cire sauran, waɗanda ka bari ka ɗan rage musu rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi kana yanka daga ƙasa zuwa sama dan kar ɓawon ya yage, amma kar ka wuce rabin tsawonsu. In ka ci karo da ɗan gawo wannan ka riƙe shi da hannu biyu, shi da damina yake zubar da ganye baya tare wa shuka rana. Ka ɗaura musu jan ƙyalle masu neman itace su san da mai su, wanda ka sassabe ɗin kuma kar ka ƙona, ka kewaye na ƙanana da shi musamman mai ƙaya har su wuce bakin akuya. Aikin da ya fi wuya shine rani in an saki dabbobi, dan haka tun kafin a kwashe amfanin gona ka zauna da maƙwabtan gonarka da mai unguwa da makiyayan da ke bi ta wurin ku yi magana. In ka zaga gonar ka ƙirga min kututture nawa ka samu masu rai da sunayensu, sai mu ga waɗanda ya kamata ka bari a kowace eka.